Me ake gani a zanen ratsi-ratsi na Sean Scully?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen zane, ina shekara ta biyu. An ba mu aiki a kan wani mai zane da ake kira Sean Scully. Na duba ayyukansa a waya, wallahi ban ga komai ba sai ratsi-ratsi da murabba'ai, wani a tsaye wani a kwance. Ƙanena da yake firamare zai iya yin wannan. Amma an ce ana sayen guda ɗaya da maƙudan kuɗi, kuma manyan gidajen adana zane na duniya suna rataye su. Shin akwai abin da ban gani ba ne, ko dai Turawa ne suke yaudarar junansu? In kuma akwai, ni da nake son gwada irin wannan da fentin mai, ta ina zan fara?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Tambayoyi uku ka dunƙule wuri ɗaya: ko akwai gwaninta a zanen da ba ya nuna mutum ko doki ko kasuwa, me ya sa na wannan mutumin ya yi suna har ya yi tsada, sannan yadda za ka gwada da hannunka. Ta farko da ta uku sana'ata ce, ita nake yi kuma ita nake koyarwa. Ta tsakiyar kuwa rabinta zane ne rabinta kasuwa, kuma zan raba maka su don kada ka ɗora wa zane laifin 'yan kasuwa.

Scully ba shi ya fara ba. Tun 1915 Kazimir Malevich ya rataye zanen baƙin murabba'i a kan farar shimfiɗa a Rasha, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Piet Mondrian, ɗan ƙasar Holan wanda ya rasu a New York a 1944, ya ƙare rayuwarsa yana aiki da baƙaƙen layuka miƙaƙƙu da ja da shuɗi da rawaya. Bayan yaƙin duniya na biyu Mark Rothko a Amurka ya riƙa shimfiɗa manyan filayen launi masu taushin baki, waɗanda mutane suke tsayawa gabansu su yi tsit. Daga nan, a shekarun 1960, aka samu wasu masu zane a New York da suka ce a cire komai: a cire labari, a cire motsin zuciya, a cire ko alamar hannun mai aikin, abin da kake gani shi ke nan. Scully ya gaji duk waɗannan, kuma tarihin aikinsa shi ne yadda ya bi ƙungiyar ƙarshen nan har ƙuryarta, sannan ya juyo.

Daga ɗakin ɗab'i zuwa New York

An haife shi a Dublin ta ƙasar Ayalan a 1945, iyayensa suka koma Landan a 1949, ya tashi a unguwar talakawa a kudancin birnin. Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta ya shiga koyon aiki a wurin ɗab'i, inda ake jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya a cikin layi. Ka riƙe wannan, don mutumin da ya soma rayuwa da jera ƙananan abubuwa a cikin layi bai taɓa rabuwa da jeri ba. Da dare yake zuwa ajin zane. Ya yi kwalejin zane ta Croydon daga 1965 zuwa 1968, sannan Jami'ar Newcastle daga 1968 zuwa 1972. Da farko mutane yake zanawa kamar kowa, wato ya iya abin da kake ganin shi ne gwaninta, ajiye shi ya yi da gangan.

A 1969 ya je Maroko. A can ya ga saƙe-saƙe masu ratsi, da barguna da tufafi da yadda ake jera launi kusa da launi ba tare da an zana siffar komai ba, kuma ya sha faɗa cewa wannan tafiyar ce ta ɗora shi a kan ratsi. A nan ne nake ganin mu Hausawa bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Wanda ya tashi yana ganin bargon luru, da zayyanar allon mai sauka, da ɗinkin hula, da adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, bai taɓa tsayar da mai zayyana ya ce masa wannan hoton wane ne ba. Mun san mai kyau, mun san na jeka-na-yi-ka, ba tare da an yi mana bayani ba. Sai an rataye abin a farin bango an sa masa sunan Bature sannan muke neman fassara. Bambancin dai shi ne mai zayyana yana bin tsarin da ya gada, dama ta yi daidai da hagu, shi kuwa Scully karya wannan daidaiton ne aikinsa.

Ayyukansa na farkon shekarun 1970 da fentin akirilik ya yi su, yana manna tef a kan kyalle don bakin kowane layi ya fito tas, layuka suna hawa kan layuka har ido ya ruɗe. Ya yi shekara guda a Jami'ar Harvard ta Amurka daga 1972, sannan a 1975 ya tare a New York. A can ya ƙara tsananta wa kansa: siraran layuka, launuka masu duhu, baƙi a kan toka-toka, babu alamar burushi. Ana yaba su, amma in ka jera su da na wasu goma na wancan zamanin, da wuya ka ware nasa.

A 1981 ya jefar da tef ɗin. Ya koma fentin mai, ya ɗauki faffaɗan burushi, ya riƙa jan ratsin da hannu kawai. Aikin da ya shelanta wannan sauyi shi ne Backs and Fronts, alluna fiye da goma masu tsawo daban-daban, an jera su kafaɗa da kafaɗa har faɗinsu ya kai kusan mita 6, kowane allo da nasa ratsin da nasa launin. Kamar mutane suke a tsaye a sahu, wani dogo wani gajere, kuma shi ma da wannan niyyar ya yi su. A 1983 ya zama ɗan ƙasar Amurka, a shekarar kuma ɗansa Paul ya rasu a haɗarin mota. Zanen da ya yi a 1984 ya sa masa sunan yaron yana hannun gidan adana zane na Tate a Landan: alluna uku a haɗe, faɗinsu ya haura mita 3. Babu fuska a ciki, babu mota, babu kabari, amma mutane da yawa da suka tsaya gabansa sun ji nauyinsa kafin a ba su labarin.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An sa shi cikin 'yan takarar kyautar Turner, babbar kyautar zane ta Birtaniya, a 1989 da 1993, bai ci ba duka biyun. Jerin da ya fi shahara da shi, Wall of Light, wato Bangon Haske, inda gajerun ratsi suke jere kamar tubalan bango, ya samo asali ne daga tafiye-tafiyensa zuwa Meziko a farkon shekarun 1980, inda ya riƙa kallon yadda haske yake sauyawa a kan duwatsun tsofaffin gine-ginen mutanen Maya, daɗaɗɗiyar al'ummar yankin. Da fentin ruwa ya soma, sai a 1998 ya mai da shi manyan zanukan mai, aka kuma baje su a gidan adana zane na Metropolitan a New York a 2006. Ya koyar a makarantar zane ta Munich a Jamus daga 2002 zuwa 2007. Daga wajen 2013 ya shiga jerin Landline, inda ya bar ratsin tsaye gaba ɗaya, sai na kwance, kamar ƙasa da ruwa da sama sun hau kan juna.

Abin da waya ba ta nuna maka ba

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Zanen da ya fi ka tsawo ka mai da shi girman tafin hannunka, a bayan gilashi, da hasken waya, abin da ya rage maka shi ne tsarin kawai, kuma tsarin shi ne abu mafi sauƙi a cikin aikin. Gaskiyarka, ƙanenka zai iya jera murabba'ai. Sai dai zanen ba a cikin murabba'an yake ba, yana wurin da biyu suka haɗu da kuma abin da yake ƙarƙashinsu.

Ga yadda abin yake. Fentin akirilik da ruwa ake haɗa shi, yana bushewa cikin mintoci, don haka kowace shafa tana zama daban a kan wadda ta riga ta. Fentin mai kuwa garin launi ne da aka kwaɓa da mai, galibi man 'ya'yan lilin, kuma ba bushewa yake yi irin ta ruwa ba, iska ce take shiga man a hankali ta daskarar da shi. Yakan ɗauki kwanaki kafin a iya taɓa shi, watanni kafin ya ƙeƙashe har ciki. Wannan jinkirin shi ne jarin Scully. Yana shafa launi a kan wani tun na ƙasan yana ɗanye, burushin ya kwaso kaɗan daga na ƙasa ya gauraya da na sama. Saboda haka abin da wayarka ta nuna maka toka-toka ne, a zahiri toka ce da ja yake numfashi a ƙarƙashinta, ko baƙin da shuɗi ya ɓuya a cikinsa. Ba za ka sami wannan launin a kwalba ba, kuma shi kansa ba zai iya maimaita shi daidai ba.

Sai bakin. A tsakanin tubali da tubali a zanukan Wall of Light yakan bar wata 'yar tsaga inda launin farko da ya shimfiɗa, sau da yawa ja ko rawaya ko ruwan lemo, yake leƙowa. Tsagar ba ta miƙe ba, tana faɗi tana tsukewa, wani wuri ta ɓace. Ita ce take sa ka ji kamar akwai haske a bayan bangon. Ka rufe ta, zanen ya zama tayil ɗin banɗaki. Ni a aji nan nake fara kai idon ɗalibi: kada ya kalli tsakiyar launi, ya bi iyaka da ido daga sama har ƙasa ya ga sau nawa ta canja hali.

Na uku shi ne nauyi. Launi mai duhu ya fi mai haske nauyi a ido, ja da rawaya suna matsowa, shuɗi yana ja da baya, kuma kowane launi yana canja maƙwabcinsa: toka ɗaya a gefen ja za ta yi kamar kore-kore, a gefen shuɗi ta yi kamar ruwan ƙasa. Mai irin wannan zane ba shi da fuskar mutum da za ta ɗauke hankalin mai kallo daga kuskurensa. In ratsi ɗaya ya fi ƙarfin sauran, duk zanen ya karkata. A ganina shi ya sa ya fi zanen siffa tona asiri. Mai zana tsohuwa tana tallan fura, ko launinsa ya mutu za a ce kai, kamar ta yi magana. Mai ratsi shida ba shi da mafaka.

Nakan ba ɗalibai aikin zana irin wannan ratsin, musamman masu cewa yaro ma zai iya. Abin da yake fitowa kusan iri ɗaya ne kullum. Wasu su yi ta gauraya har launukan su koma ruwan kwata. Wasu su auna kowane ratsi daidai da ɗan'uwansa, abin ya fito kamar tutar wata ƙasa. Wasu su matso launi kai tsaye daga kwalba, ja jawur kusa da kore shar, ido ya kasa zama. Kaɗan ne suke fitar da abin da za ka so ka sake kallo, kuma yawanci su ne waɗanda dama suka fi iya zanen siffa.

To, me ya sa mutum zai shekara hamsin a kan ratsi? Saboda in ka daina tambayar me zan zana, duk hankalinka ya koma kan yaya zan zana shi. Ya ɗaure kansa da ƙa'ida ɗaya don ya saki sauran. Ba kowa ne ya yarda wannan ya isa ba, kuma masu sukarsa ba jahilai ba ne. Suna cewa ya samo dabara tun shekarun 1980 yana ta juya ta, kuma yana yi wa aikinsa kirari da manyan kalmomi fiye da abin da ke kan kyallen. Ni ma ina ganin a cikin ayyukansa na baya-bayan nan akwai waɗanda hannu ne ya yi su don ya saba. Na shekarun 1980 da farkon Wall of Light su ne nake tsayawa a kansu. Wannan ra'ayina ne, wani malamin zai ce maka Landline ne ƙololuwarsa, kuma ba ni da ma'aunin da zan kayar da shi da shi.

Batun kuɗi

An sayar da zanukansa a gwanjo a kan fiye da dala miliyan ɗaya. Kada ka ɗauki wannan a matsayin shaidar kyau, kada kuma ka ɗauke shi shaidar damfara. Farashi a wannan kasuwa yana ginuwa ne a kan wasu abubuwa: wane dillali ne yake riƙe da mai zanen, waɗanne gidajen adana zane ne suka saya, wa ya yi rubutu a kansa, daga wane zango na rayuwarsa aikin ya fito, da hannun wa ya bi kafin ya zo gwanjo. Scully yana da duka. Ya zauna a New York lokacin da can ce cibiyar kasuwar, yana da ɗakunan aiki a Amurka da Turai, an yi masa babban baje koli a Shanghai da Beijing a 2014 da 2015, ya kuma iya magana a kan aikinsa. Akwai waɗanda suka kai shi iyawa ba su sami wannan ba. Carmen Herrera, 'yar ƙasar Kuba, ta yi shekaru tana zanen siffofin lissafi a New York ɗin nan, ba ta sami kasuwa ba sai a 2004 tana da shekara 89. Zanenta bai canja ba a wannan shekarar, masu kallo ne suka waiwayo. Don haka zargin da kake yi yana da gindi, amma a kan kasuwa ya kamata ya sauka.

Ta ina za ka fara

Kada ka fara da babban kyalle. Sami falle-fallen katako ko takarda mai kauri, ka shafa musu farin share fage sau biyu, don mai yana cin kyalle ko takardar da ba a rufe ba, ya ruɓar da ita a hankali. Ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya amfani, saboda kwatantawa ce za ta koya maka.

Taƙaita launi. Fari, baƙi, jar ƙasa da rawayar ƙasa sun ishe ka wata guda, kuma su ne mafi araha a shagon kayan zane. Za ka yi mamakin yawan toka da ruwan ƙasa da za su fito daga huɗun nan. Ka fara da shimfiɗa launi mai zafi siriri a duk fuskar allon, ka raba shi da gawayi ko da bakin burushi, ba da rula ba, sannan ka hau da ratsin. Ka bar tsagar nan. Burushin masu fentin gida mai faɗin inci biyu ko uku ya fi ƙananan burusan zane dacewa da wannan aiki, kuma da kafaɗa ake jansa, ba da yatsu ba. In ka ja sau biyu ko uku launin bai zauna ba, kankare shi da wuƙar fenti ka sake, kada ka yi ta murza shi.

Ka kiyaye ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a fentin mai: shafar ƙasa ta zama mai ƙarancin mai, ta sama ta fi ta mai. In ka juya, ta saman za ta riga ta ƙasan bushewa ta tsattsage. Na san da yawa a nan suna tsinka fenti da kananzir saboda tafentain, ruwan da aka saba tsinka fentin mai da shi, ya yi tsada. Don wanke burushi babu laifi, amma a cikin fenti yana kashe ƙyallin launi ya bar shi fururu. Ko wanne kake amfani da shi, ka buɗe taga. Da hunturu kuma ƙura ce babbar abokiyar gabarka: ka jingina ɗanyen zane fuskarsa tana kallon bango, da ɗan tazara, in ba haka ba da safe ka tarar hazo ya sa hannu a aikinka.

Idan ka yi goma, jera su a ƙasa ka ja da baya. Tambayi kanka wanne ne idonka yake komawa kansa, sannan ka nemi dalili: faɗin wani ratsi ne, ko wata iyaka, ko launi biyu da suka yi rigima. Wannan dalilin shi ne darasin, da shi za ka shiga goma na gaba. Kuma kada ka bar zanen siffa saboda wannan, idon da ya koyi auna kafaɗa da wuya shi ne yake auna ratsi.

Abu ɗaya zan hana ka: kwaikwayon Scully har ka zauna a nan. Kwafi biyu ko uku don hannu ya gane hanya ya halatta, kowa da haka ya koya. Amma shi daga saƙar Maroko da duwatsun Meziko da katangun dutsen tsibiran Aran na ƙasar haihuwarsa ya ɗebo nasa, ya yi ta ɗaukar hotunan ƙofofi da bangaye duk inda ya je. Kai ma ɗauki wayar taka ka zaga: ƙofofin langa-langa da aka yi wa faci, jerin buhuna a Dawanau, shuɗin rini a Ƙofar Mata yadda yake sauka daga mai haske zuwa mai duhu, bangon ƙasa bayan ruwan farko. A kan aikin da aka ba ku kuwa, kada ka tara ayyukansa ashirin ka yi musu jimla. Zaɓi guda biyu, ɗaya na shekarun 1970 mai tef da ɗaya na bayan 1981, ka nemi hoto mafi girma da za ka samu a shafin gidan da yake riƙe da su, ka buɗe shi a kwamfuta, ka zuƙo bakin ratsin, ka rubuta abin da ya bambanta su. In har wata rana hanya ta kai ka inda aka rataye na ainihi, ka tsaya taku biyu daga gare shi tukuna, sannan ka koma ƙarshen ɗakin ka sake dubawa.